Sawu a Yashin Sallar Inna

Kalmar Ingilishi guda ɗaya na riƙe a duniya, ita ma ba don sha'awa na koye ta ba. A lakwal, makarantar boko, faransanci aka ɗura mana, na kai kolej na tsaya, ɗan Ingilishin da aka gwada mana can kuwa ya zube tun kafin in fita ƙofar makarantar. Wannan guda ɗayar da girmana na koye ta, a bakin lungunmu, saboda yashin Inna.

Gidanmu yana cikin tsohon garin Agadas, a lungun da mota ba ta shiga, sai jaki da moto. A kusurwar gabas ta tsakar gida Inna take da wurin sallarta. Ba ɗaki ba ne, ba rumfa ba ce. Farin yashi ne, faɗin tabarma da ɗan ƙari, an kewaye shi da baƙaƙen duwatsu masu girman dunƙulen hannu. Duk shekara in azumi ya matso takan sa mai amalanken jaki ya ɗebo mata sabon yashi daga kori, busasshen rafin bayan gari, ta zauna ta tankaɗe shi da rariya kamar garin tuwo, ta kwashe tsohon ta zuba sabo. Takalmi ba ya taka shi. Kaza in ta kuskura ta hau, ranar za ta san Inna ta iya jifa. Mu da muka tashi a gidan ta gefe muke bi, ko da tulu ne a kanmu.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi cikinmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kiransa ɗanta, ba ta yi masa fara'a a gaban mutane. In tana nemansa sai ta ce mini, ina wancan. In ya yi mata tsaraba sai ta ce a ajiye can, kamar wani ne ya mance kayansa a gidan. Ni da nake binsa har na yi wayo tana goya ni. Shi kuma bai taɓa damuwa ba, haka ya ga ana yi wa ɗan fari a kowane gida na unguwa.

Direba ne. Da farko albasar Tabalot yake ɗaukowa, da zinariya ta fito a arewa sai ya koma kai wa masu haƙa ruwa da gari da mai. A wajenmu in matafiyi zai shiga sahara, yana fita sai wata tsohuwa ta duƙa a bakin ƙofa ta kwashi ƙasar sawun ƙafarsa ta dama, ta ƙulle a tsumma ta ajiye, wai sawun zai jawo mai shi gida. Gwaggonmu ce ke yi masa, don kunya ba ta barin Inna. To, a shekarar gwaggo ta rasu. Ranar da zai tafi Inna ba ta ko raka shi zaure ba. Sai da ƙarar takunsa ta ɓace a lungu ta fito, ta duba dama ta duba hagu, ta duƙa ta kwashi sawun da hannu biyu. Ina daga ɗaki ina fasa ƙanƙarar da nake sayarwa, ina ganinta ta ƙofa, ita ba ta gan ni ba. Ba ta nemi tsumma ba, don tsumma ana iya tsinta a yi tambaya. Wurin sallarta ta kai, ta zuba daidai inda goshinta ke sauka, ta shafe da tafin hannu.

Ya kira ni daga Sigidin, ƴar zangon nan ta hanyar Libiya inda rezon salula ke ɗan kamawa, ya ce in gaida mutanen gida. Daga nan shiru. Wasu suka ce an ga motarsa a lalace babu kowa ciki. Wasu suka ce ƴan fashi ne. Wata mata a gidan suna ta rantse mini yana Libiya ya yi aure har da ƴaƴa, na ce mata Allah ya ba ta lada, ta gaida mini su.

Azumi ya matso, mai amalanke ya zo da kansa kamar yadda ya saba. Inna ta ce bana ba ta so. Wani azumin ya zo, ta sake korar sa. Na san dalili, na kuma ja bakina, don in na nuna na sani na tona mata asirin da ta fi ɓoyewa a rayuwarta. Yashi kuwa ba ya zama yadda aka bar shi. Wani ya bi goshi, wani ya bi gwiwa, ruwan damina ya ja nasa. Sai na ga Inna ta ɗauki wata sabuwar ɗabi'a. In ta sallame ba ta tashi sai ta kakkaɓe goshinta a kan wurin, ta girgiza bakin zanenta a cikin duwatsun, ta duba tafin ƙafarta. Muddin yashin nan yana nan, a wajen Inna yayana yana hanya.

Kawuna, ƙanen Inna, mai karatu ne kuma mai tsauri. Shi ya yi yawon nema har ya gaji, kuma shi ya fara cewa a yi haƙuri a yi wa yaro sadaka, a tara mutane a roƙa masa gafara. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo maganar. Inna takan ce ita ba ta ga gawa ba, ba za ta jiƙa gero don mai rai ba. Ya kawo mata darduma mai laushi, ya ce zai sa a shafe kusurwar da siminti ta huta da wannan tsohon yashi da ya fara komawa ƙasa. Dardumar tana nan a naɗe a kan akwati har yau.

A shekarun nan ne gari ya cika da pasaje, baƙin da ke zuwa daga ƙasashen bakin teku suna jiran motar da za ta ƙetara da su sahara. Ɗakin yayana yana rufe, na gwaggo ma haka, mai kawo cefane kuma babu shi. Na ce za mu sa baƙi. Inna ta ce mata kawai, na ce na ji. Matan da aka kawo mana ba su jin Hausa, ba su jin faransanci, sai Ingilishi da harsunan garinsu, kuma yawancinsu Kiristoci ne. Ran farko wata ta ɗauko wanki za ta shanya, ta ratsa ta tsakiyar yashin da silifa jiƙaƙƙu. Inna tana zaune tana tsince shinkafa. Ta ajiye tiren tana kallon sawun silifar a kan yashin.

Ni ce na yi faɗan. Na yi da Hausa, na yi da faransanci, na yi da hannu da ƙafa. Baiwar Allah ta zaci ruwan da ta ɓarar nake wa faɗa, ta ɗauko bokiti za ta je famfo ta biya ni. Kafin su gane abin da nake nufi motarsu ta tashi, a kawo wasu, in koma farko. Maƙogwarona ya gaji.

A bakin lungunmu akwai wani maɗinki, mutumin Najeriya daga wajen Katsina. Zinariya ce ta kawo shi, ƙurar dakan dutse ta ci masa ƙirji, ya sauko Agadas ya sayi tsohon keken ɗinki ya zauna. Hausarsa cike take da ƴan kalmomin Ingilishi da muke yi wa dariya, shi kuma yana yi wa tamu. Na je na ce masa, Malam, ka ba ni abin da zan faɗa wa mutanen nan su daina taka wa tsohuwa wurin salla. Ya ce akwai kalmar hani, akwai ta haɗari, amma mutum in an hana shi sai ya tambayi dalili, ni kuma ba ni da Ingilishin ba da dalili. Ya ɗan yi tari, ya ce akwai wata guda da ba a tambaya a bayanta. Ya ce in ce holi.

Na yi dariya, na ce wannan ai kamar sunan alewar yara. Ya tsayar da keke ya ce ba abin wasa ba ce. Na ce to me take nufi. Ya ce tsarki, amma ba irin wanda ake yi da buta ba. Ya ce haka suke kiran Littafinsu, haka suke kiran ƙasar annabawa, ko Makka in suna maganarta haka suke ce mata. Abin da aka ware wa Allah aka ɗauke hannun mutane daga kansa, shi ke nan. Na tambaye shi ko ita ce sacré ta faransanci, ya ce shi bai san faransancina ba, kada in sa shi ƙarya. Ya ce mutum yana iya zama haka, ruwa yana iya zama, rana guda a cikin mako ma tana iya zama. Na ce yashi fa. Ya ce in tsohuwa tana sa goshinta a kai dare da rana, shi wane ne da zai ce a'a.

Wallahi ta yi aiki. Duk wadda aka kawo, kafin ta sauke jaka sai in ja ta kusurwar, in nuna duwatsun in faɗi kalmar. Nan take fuska ke sauyawa. Wasu su ja da baya, wasu su sunkuyar da kai. Takalmi ya daina zuwa kusa, har suka koma cire shi in za su wuce ta gefe, abin da ni ban taɓa yi ba. Suka fara gaida Inna a durƙushe. In tana salla sai tsakar gida ta yi tsit, ko rediyon salula a kashe. Ni kuwa kaina ya kumbura, ina gaya wa mata a famfo cewa yanzu na iya Ingilishi.

Kawu ya ji ni ina faɗin ta wata rana, ya je ya tambayi maɗinki, ya dawo ransa a ɓace. Ya ce Allah kaɗai ne Mai tsarki. Yashi yashi ne, iyakar abin da ake nema a gare shi kada najasa ta taɓa shi, mu kuma muna neman mai da tsakar gida wurin ziyara. Na ce masa, Kawu, ni dai takalmi na kora, kuma ya koru. Ya ce bakina zai kai ni inda ƙafata ba za ta iya dawo da ni ba.

Bayan ɗan lokaci yashin ya fara raguwa fiye da da. A gefe-gefe, jikin duwatsu, sai a ga ƴan ramuka kamar an sa yatsu uku an tsakura. Inna ta riga ni gani. Takan share su da tafin hannu ta jawo na tsakiya ta rufe, amma jar ƙasar da ke ƙarƙashi ta fara leƙowa. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ko gaisuwar mutuwa sai ta ce in je a madadinta. Abinci ta rage. Ta rame har awarwaronta yana zamewa. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga tana ƙarewa tare da wurin.

Na ɗora wa kaji laifi, har na sa aka yanka wata baƙa da na fi zargi, muka ci da miya. Ramukan ba su daina ba. Na zargi tururuwa, na zargi mage. Abin da ban lura da shi ba sai daga baya, ramukan sun fi fitowa ranar da mota ta tashi.

Cikin baƙin akwai wata doguwar mace da ta fi kowa daɗewa, don zuwanta ya dace da lokacin da aka tsananta tsaro a hanya, motoci suka rage fita. Ta iya kitso, sai ta zama mai kitson lungunmu. Ba ta da hayaniya. Takan ɗebo wa Inna ruwan alwala ba a sa ta ba, tana kiranta Mama, Inna kuma tana ajiye mata ƙanzo don ta ga tana so. Da hannu suke hira, kuma suna fahimtar juna fiye da yadda ni da Inna muke yi da baki.

Ranar da hanya ta buɗe mata, da safe ne, rana ta ɗan ɗaga. Mai moton da zai kai ta wurin mota yana jira a bakin lungu. Inna tana madafa. Na fito da kular ƙanƙara a hannu sai na ga mai kitso a durƙushe a wajen duwatsun, ba takalmi, jakarta a gefe, leɓunanta na motsi. Ta shimfiɗa ƙaramin hankici a cinyarta. Ta miƙa hannu can tsakiya, tun da gefen ya ƙare, ta tsakuro yashi ta zuba a ciki.

Kular ta faɗi ƙanƙara ta watse. Na damƙe wuyan hannunta, na faɗi abin da na faɗa, Allah ya sa ba ta jin Hausa. Na ƙwala wa maɗinki kira ya shigo da tsinin almakashi a hannu, yana zaton ɓarawo ne. Na ce ya tambaye ta abin da muka yi mata da za ta saka mana da sata.

Ta yi magana mai tsawo tana kuka, shi kuma yana juya mini kaɗan-kaɗan. Ta ce ba sata ba ce, kuma ba ita ta fara ba. Duk wadda ta kwana a gidan nan ta ɗiba, mai fita tana gaya wa mai shigowa. A garinsu in mutum zai yi tafiya mai hatsari yakan je wuri irin wannan ya ɗauki wani abu ya riƙe, ko ruwa ko mai ko ƙasa. Sun ji labarin saharar da za su shiga, sun san ba kowa ke fita ba, kuma suna ganin goshin Mama a kan yashin nan kullum. Ta ce ai ni da bakina na gaya musu abin da wurin yake.

Na ce ni don su nisance shi na faɗa. Maɗinki ya ce ai sun nisance shi da takalmi, amma a wajensu wuri irin wannan zuwa ake yi gare shi. Na ce me ya hana shi gaya mini tun farko. Ya ce maganar takalmi na kawo masa.

Muna cikin haka Inna ta fito da ludayi a hannu. Ta dubi hankicin, ta dubi wurin. Abin da ya rage bai fi cikin ƙwarya ba, ya taru a tsakiya, ga ramin yatsu a kai. Na ce mata yanzu zan sa ta mayar. Zuciya tana cina, bakina ya riga ni.

"Inna, daga wurin goshi ta ɗiba."

Inna ta juyo ta dube ni, ta daɗe tana dubana. A nan ta gane na sani, kuma tun ranar farko na sani. Na sunkuyar da kai kamar ni aka kama.

Ta ajiye ludayin a kan turmi. Ta tambayi maɗinki wace hanya motar za ta bi. Ya ce ta Sigidin, ai duk ta can ake bi. Ta ce waɗanda suka riga ta fa, ya ce su ma. Ta ce duka, ya ce duka. Mai moto ya danna ham a waje.

Sai ta cire takalmi ta shiga cikin duwatsun ta durƙusa. Na zaci gyara wurin za ta yi. Ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta ta shimfiɗa, ta sa tafin hannu biyu tana tattaro yashin, a hankali, har da wanda ya maƙale a jikin duwatsu. Ta kwashe shi tas ta zuba a ɗankwalin, ta ƙulle bakinsa ƙulli biyu. Ta miƙe ta sa shi a hannun mai kitso, ta riƙe hannun da nata.

"Malam, ka gaya mata sawun ɗana ne a ciki. Ta hanyar nan ya bi. In ta wuce Sigidin ta zuba masa a ƙasa, ta rage na kanta."

Tun da nake ban taɓa jin ta ce ɗana ba in shi take nufi. Maɗinki ma ɗan Hausa ne, ya san nauyin abin da ya ji. Tari ya sarƙe shi, sai da ya juya baya ya gama kafin ya iya fassarawa. Mai kitso ta faɗi ƙasa ta rungume ƙafafun Inna. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga ta, ta ce a gaya mata ta yi sauri kada mota ta bar ta, ta kuma sa na ƙunsa mata ƙanzo a leda.

Ba mu sake jin labarin mai kitso ba. Ban sani ba ko ta zuba, ban sani ba ko ta ƙetare. Kalmar kuma ban sake faɗin ta ga kowa ba, don baƙin da suka biyo baya sun tarar da duwatsu ne kewaye da jar ƙasa, kuma ba su daɗe suna zuwa ba hanyar ta mutu.

Ranar dai, da azahar, Inna ta yi sallarta a kan ƙasar haka nan. Da ta sallame ba ta kakkaɓe goshinta ba, ta tashi da jar ƙasa a kai ta shiga ɗaki. Na tsince ƙanƙarar da ta rage, na wanke kula, na ɗora girkin da ta bari.

Bayan la'asar ta kira ni. Ta ce in auno gero in jiƙa, in aika wa kawuna ya sanar da mutane gobe da safe za a yi sadaka. Na ce to. Na kai bakin ƙofa ta sake kirana, ta ce a gaya wa liman wanda zai yi wa addu'a. Na ce ai liman ya san shi, a hannunsa ya yi karatu. Ta ce duk da haka a gaya masa. Sai ta faɗi sunan yayana, cikakke, har da na babanmu. Bai yi mata nauyi a baki ba, ta faɗe shi daidai kamar wadda ta saba.

Na ɗauki ƙwarya na tafi wurin buhun gero.